Tebur a Bakin Titi: Yadda Aka Tsara Cin Abinci a Waje Lokacin Annobar Korona

A cikin dukan harkokin da annobar korona ta tsayar a shekarar 2020, babu wadda ta ba masu tsara doka wahala kamar ta gidajen cin abinci, kuma dalilin a fili yake: ba a cin abinci da takunkumi a fuska. Wanda ya shiga banki ko kanti ko jirgin ƙasa yana iya rufe hanci da baki tun daga shigarsa har fitarsa, amma wanda ya zauna gaban faranti dole ne ya sauke takunkuminsa, ya kuma shafe sa'a guda ko fiye yana ci, yana hira, yana dariya kusa da mutanen da ba gidansu ɗaya ba. Saboda haka, bayan an rufe zaurukan cin abinci a yawancin biranen Turai da Amurka a watan Maris na wannan shekara, aka kuma ga cewa sayar da abinci a ƙunshi kaɗai ba zai biya kuɗin haya da albashi ba, sai hukumomi suka amince a fitar da tebura waje, a jera su a kan hanyar masu tafiya a ƙasa da wuraren da aka saba ajiye motoci a gefen titi.

Dokokin da aka rubuta domin wannan sabon tsari sun ɗauki kaya fiye da ɗaya. Ana so su rage yaɗuwar cuta, ana so su ceci sana'ar da miliyoyin mutane ke ci daga gare ta, ana kuma so su kare haƙƙin sauran jama'a a kan titin da ba mallakar mai gidan abinci ba ne. Wanda ya bi tarihin yadda aka yi ta sauya su, musamman a birnin New York inda tsarin ya bunƙasa ƙwarai, zai ga cewa buƙatar farko, wadda ita ce dalilin fitowa wajen tun asali, ita ce aka fi yi wa sakaci. Jami'in duba-gari yana iya auna faɗin hanya da tef, yana iya ƙirga tebura, yana iya duba agogo ya ga ko lokacin tashi ya yi, amma ba shi da hanya mai sauƙi ta gane ko iska tana ratsa wuri, alhali iskar ce ainihin abin da aka fito nema.

Alamun hakan sun bayyana tun da wuri. A ranar 24 ga Janairu, 2020, iyalai 3 suka ci abinci a tebura da ke jere a wani gidan abinci marar taga a birnin Guangzhou na ƙasar Sin, dukansu a kan hanyar iskar na'urar sanyaya ɗaki guda. Mutum ɗaya daga cikinsu, wanda ya zo daga Wuhan, yana ɗauke da cutar, kuma cikin makonni 2 wasu mutum 9 daga waɗannan tebura suka kwanta, amma babu wanda ya kamu a cikin masu kai abinci ko sauran baƙin da ke nesa da hanyar iskar. A watan Yuni na wannan shekara, a birnin Jeonju na Koriya ta Kudu, masu bincike sun gano wanda ya kamu a gidan abinci yana zaune mita 6.5 daga mai cutar, bayan sun yi minti 5 kacal a zaure ɗaya. Ma'anar waɗannan ita ce cutar ba ta tsaya ga feshin yawu da ke faɗuwa ƙasa kusa da mai tari ba, tana tafiya a cikin ɓurɓushin numfashi da ke yawo a iska, yana taruwa a rufaffen wuri yana kuma watsewa a sarari. Duk wanda ya san bambancin rumfar mai shayi, inda hayaƙin itace ke wucewa da zarar ya tashi, da ɗakin girki mai ƙofa ɗaya, inda hayaƙi ke taruwa har idanu su yi ruwa, ya riga ya fahimci tushen lamarin.

Sai dai manyan hukumomin lafiya sun yi jinkirin amincewa da haka. A watan Yuli na 2020 masana 239 suka rubuta wa Hukumar Lafiya ta Duniya buɗaɗɗiyar wasiƙa suna neman ta yarda cewa cutar tana bin iska, amma sai ƙarshen Afrilu na 2021 hukumar ta bayyana hakan sosai a bayananta, hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka kuma ta biyo baya a watan Mayu. Ke nan dokokin farko na cin abinci a waje an rubuta su ne da tsohon tunani, shi ya sa suka cika da batun tazara da goge tebur. A Amurka tazarar ƙafa 6 ce, a Faransa mita 1, a Ingila kuwa an fara da mita 2, sannan daga 4 ga Yuli, 2020, aka sassauta zuwa mita 1 idan an haɗa da wasu matakai. Ƙwayar cutar ɗaya ce a ƙasashen uku, don haka bambancin lambobin yana nuna cewa ciniki aka yi tsakanin shawarar likita da lissafin mai gidan abinci, wanda ya san adadin teburan da zai rasa idan aka ƙara masa mita guda. A jihar New York an ma yarda a kusanta tebura idan an gitta allon roba mai tsayin ƙafa 5 a tsakaninsu, kuma irin wannan allo yana tare atishawa, amma yana iya hana iska wucewa. An kashe kuɗi da lokaci masu yawa wajen fesa magani a kujeru, har zuwa Afrilu na 2021 da hukumar ta Amurka ta ce haɗarin kamuwa ta taɓa gurɓataccen abu bai kai 1 cikin 10,000 ba.

Abin da ya fi kawo sauyi na gaske shi ne saurin ba da izini. A New York an buɗe shirin da aka kira Open Restaurants ranar 22 ga Yuni, 2020, zamanin magajin gari Bill de Blasio. Kafin annobar, samun izinin sa tebur a ƙofar gidan abinci aiki ne na watanni, wanda ke bi ta kwamitin unguwa da ofisoshin birni, ana biyan dubban daloli, kuma tsarin rabon filaye ya haramta shi ɗungurungum a unguwanni da dama, shi ya sa masu wannan izini ba su kai 1,500 ba, akasarinsu a yankin Manhattan na birnin. Sabon shirin ya juya lamarin, domin mai gidan abinci ne zai cike fom a intanet, ya shaida da kansa cewa zai bi ƙa'ida, ya fitar da teburansa ba tare da biyan ko sisi ba, sannan jami'an ma'aikatar sufuri ta birni su biyo baya su duba. Gidajen abinci fiye da 12,000 ne suka shiga, gwamnatin birnin kuma ta yi iƙirarin cewa shirin ya ceci ayyuka kusan 100,000. A Ingila, dokar kasuwanci da tsara gari da aka amince da ita ranar 22 ga Yuli, 2020, ta ƙayyade kuɗin lasisi kada ya wuce fam 100, ta ba da kwana 7 na jin ra'ayin jama'a da kwana 7 na yanke shawara, ta kuma ce idan ƙaramar hukuma ta yi shiru har wa'adin ya cika to lasisin ya tabbata. A Paris magajiyar gari Anne Hidalgo ta bari a faɗaɗa zuwa titi kyauta daga farkon Yuni, bisa sharaɗin a tashi ƙarfe 10 na dare, kada kuma a kunna kiɗa a waje.

Saurin ya zo da nasa farashin. A New York, ba a daɗe da buɗe shirin ba aka sauya ƙa'idar shingen da ke raba tebura da motoci, aka ce dole kaurinsa ya kai inci 18, tsayinsa kuma tsakanin inci 30 da 36, sai waɗanda suka riga suka sayi katako suka gina nasu suka rushe suka sake. Da hunturu ya matso aka ƙara cewa a cika cikin shingen da yashi ko ƙasa. Masu gidajen abinci sun kira wannan tufka da warwara, kuma suna da gaskiya ta fuskar aljihunsu, amma hukuma ma tana da tata hujjar, domin an samu motoci sun kutsa cikin tebura fiye da sau ɗaya, kuma tukunyar fure ba ta tsayar da mota.

Sauran ƙa'idojin titi kowace da wanda take karewa. Dole a bar ƙafa 8 a kan hanyar masu tafiya a ƙasa, dole a nisanci famfon kashe gobara da ƙafa 15, ba a gini a tashar bas ko a hanyar keke, ba a toshe magudanar ruwa, kuma a titunan da aka rufe wa motoci baki ɗaya sai an bar hanyar ƙafa 15 domin motar 'yan kwana-kwana da ta asibiti. Waɗanda suka fi shan wahalar sakaci da waɗannan ma'aunai su ne makafi da masu keken guragu. Makaho da ya haddace hanyarsa ta hanyar bin bango da sanda yana iya fitowa wata safiya ya tarar da kujeru inda babu su jiya, mai keken guragu kuwa idan aka rage masa hanya da kamu ɗaya sai ya sauka kan kwalta ya haɗu da motoci. Ƙungiyoyin makafi na Ingila sun yi ƙorafin cewa kwana 7 bai isa mutum ya ji labarin neman lasisi ba, balle ya kai kuka, musamman tunda sanarwar takarda ce da ake mannawa a jikin gini. Dokar ta Ingila ta sa sharaɗin hana toshe hanya, jagorar gwamnati kuma ta ambaci mita 1.5 a matsayin mafi ƙarancin abin da za a bari, amma aiwatarwa tana hannun ƙananan hukumomi da ma'aikatansu ba su da yawa.

Hunturu ne ya tona raunin tsarin. A watannin zafi tebur da laima sun isa, kuma ba wanda ke gardamar cewa mai zaune a ƙarƙashin laima a waje yake. Amma New York gari ne da ruwa ke daskarewa a Disamba da Janairu, kuma zaurukan cikin gida, waɗanda aka buɗe ranar 30 ga Satumba da kashi 25 cikin 100 na kujeru, gwamna Andrew Cuomo ya sake rufe su ranar 14 ga Disamba. Mai gidan abinci ya shiga halin gaba kura baya siyaki: idan ya bar wurinsa a buɗe sanyi zai kori baƙi, idan ya rufe kuma ya gina abin da aka hana shi amfani da shi a cikin gida. Wanda ya bi titunan Manhattan ko Brooklyn a wannan lokaci zai ga abin da suka zaɓa. Dogayen akwatuna ne na katako da suka cinye wurin mota 2 ko 3, da rufin roba, da tagogin leda mai kauri da ake jan su da zif, wasu har da ƙofa mai mariƙi da labule, na'urar ɗumama wuri tana rataye a sama tana ja, tururin numfashin mutane kuma yana tsiyaya a jikin ledar. Irin wannan akwati ya fi zauren cikin gida ƙanƙanta, rufinsa ya fi kusa da kai, kuma ba shi da na'urar shigo da iska da doka ta wajabta wa gini na gaske. Ta fuskar cuta, an gudu ne ba a tsira ba.

Hukumomi sun ga wannan, suka kuma nemi ma'aunin da za su raba waje da ciki. New York ta ce dole rabin faɗin bangon gefe ya zama a buɗe, in ba haka ba a lissafa wurin a matsayin cikin gida. Ingila ta ari ma'auninta daga dokar hana shan taba a rufaffen wuri, wadda ta fara aiki a 2007, inda rumfa mai rufi ba ta zama waje sai aƙalla rabin bangonta a buɗe yake. Wannan aro ya yi dacen da ba a yi tsammani ba, domin hayaƙin taba da ɓurɓushin numfashi tafiyarsu ɗaya ce a iska, don haka ma'aunin da aka yi domin ɗaya ya yi wa ɗayan amfani tun kafin hukumomin lafiya su yarda da kamannin. Amma ƙa'idar rabi tana da gurbi. Rumfar da aka rufe mata gefe biyu masu haɗuwa a kusurwa da wadda aka rufe mata gefe biyu masu fuskantar juna duk sun cika rabi a lissafi, alhali a ta biyun iska tana shiga ta nan ta fita ta can, a ta farkon kuwa tana iya maƙalewa a lungu. Jihar Kalifoniya ce ta kula da wannan a jagorar da ta fitar a watan Nuwamba na 2020, inda ta ce bangwayen da aka rufe kada su haɗu da juna. A New York kuma an yarda da ƙananan tantuna na leda masu rufewa ruf, bisa sharaɗin rukuni ɗaya ne a ciki kuma a sake iskar kafin wasu su shiga, wanda ya kare baƙi daga maƙwabtan tebur amma bai kare su daga junansu ba, bai kuma kare mai kai musu abinci da zai cusa kansa ciki sau da yawa a dare ɗaya ba.

Akwai hanyar da ta fi ƙirga bango. Iskar da mutum ke fitarwa tana ɗauke da sinadarin kabon, wanda a sarari bai wuce kimanin kashi 420 cikin miliyan ba, amma yana hawa a wurin da numfashi ke taruwa, kuma ƙaramar na'ura mai girman agogon tebur tana nuna adadinsa nan take. Ƙasar Beljiyam ta wajabta wa gidajen abinci da mashaya sa wannan na'ura a cikin zaurukansu a 2021, ta kuma sa 900 a matsayin iyakar da idan an haura ta dole a ɗauki mataki. Da an rataya irin wannan na'ura a rumfunan titi, da gardamar ko gefe nawa aka buɗe ta ragu ƙwarai, domin jami'i da baƙo da mai wuri duk lamba ɗaya za su duba.

Ɗumama wuri ya jawo tasa rigimar. New York ta yarda da na'urar lantarki a ko'ina, ta taƙaita mai amfani da tukunyar gas ga hanyar masu tafiya a ƙasa tare da izinin hukumar kashe gobara, sannan a hunturun 2021 ta sake haramta tukunyar gas ɗin saboda tsoron gobara, bayan mutane sun zuba kuɗi sun saya. Idan aka yi hasashen saukar ƙanƙara kuma sai a dakatar da cin abinci a kan titi domin motocin share ta su samu hanya, kamar yadda ya faru a tsakiyar Disamba na 2020. A wannan makon ne ma aka fitar da wata jagora da ta ce mai cin abinci a waje ba zai shiga ciki ya kama ruwa ba, aka yi mata ca, aka janye ta washegari. Faransa ta kalli lamarin ta wata fuska dabam, ta haramta ɗumama wuraren zama na waje daga ƙarshen Maris na 2022 saboda ɓarnar makamashi.

Wani rukunin dokokin ba ruwansa da gini, halin mutane yake nema ya juya. Abin da hukumomi suka fi tsoro shi ne masu shan giya a tsaye, waɗanda ke yawo daga tebur zuwa tebur suna ɗaga murya, don haka a watan Yuli na 2020 Cuomo ya ce ba za a sayar wa kowa giya ba sai ya zauna ya sayi abinci. Wata mashaya a garin Saratoga Springs na jihar New York ta fito da soyayyen dankali na dala 1 ta raɗa masa sunan gwamnan, har hukuma ta fito ta fayyace cewa ledar dankali kaɗai ba ta cika sharaɗin ba. Manufar dokar tana da ma'ana, amma da zarar gwamnati ta fara muhawara kan abin da ya cancanci a kira shi abinci, jama'a sukan daina ganin manufar su koma ganin abin dariya. Haka dokar tashi ƙarfe 10 na dare da Ingila ta sa daga 24 ga Satumba, 2020, ta fitar da kowa titi a lokaci guda, aka cika tashoshin jirgin ƙarƙashin ƙasa na Landan maƙil.

Gardama mafi zafi an yi ta ne a gundumar Los Angeles ta jihar Kalifoniya, wadda ta haramta cin abinci a waje ma daga 25 ga Nuwamba, 2020, lokacin da asibitoci suka fara cika. Ƙungiyar masu gidajen abinci ta kai ƙara, alƙali James Chalfant kuma ya yanke a watan Disamba cewa gundumar ba ta auna amfanin haramcin da illarsa ba. Cikin hujjojin da jami'ai suka dogara da su akwai wani binciken hukumar yaƙi da cututtuka da aka fitar a Satumba, wanda ya nuna cewa waɗanda suka kamu sun ninka waɗanda ba su kamu ba wajen zuwa gidan abinci, amma binciken bai raba mai ci a ciki da mai ci a waje ba. Hukuncin bai buɗe ko tebur ɗaya ba, domin umarnin jiha ya riga ya hau kan na gunduma, kuma a Maris na 2021 kotun ɗaukaka ƙara ta goyi bayan gundumar, bisa cewa a lokacin annoba ba a jiran cikakkiyar hujja kafin a ɗauki mataki. Wannan matsayi yana da ƙarfi a shari'a, amma masu suka sun kawo abin da ya cancanci a saurara, cewa mutanen da aka hana haɗuwa a sarari ba duka ne za su haƙura ba, wasu falon gida za su koma su rufe taga. Abin da ya ƙara dagula lamarin shi ne a farkon wannan wata na Nuwamba an ga gwamnan jihar, Gavin Newsom, a wata liyafa a wani gidan abinci mai tsada tare da mutanen gidaje dabam-dabam, ya ce a waje aka zauna, hotuna kuma suka nuna ɗaki mai rufi da bango da ƙofar gilashi. Da aka sake buɗewa a ƙarshen Janairu na 2021, gundumar ta ƙara tazara zuwa ƙafa 8, ta kuma hana kunna talabijin domin kada kallon wasa ya tara mutane.

A duk wannan muhawara baƙo ne ake ta aunawa, ba a cika tuna wanda ke dafa abincin ba. Tebur ya fita waje, amma kicin yana nan inda yake, matsattse, mai zafi, mutane kafaɗa da kafaɗa na sa'o'i 8 ko 10. Wani bincike na Jami'ar Kalifoniya da ke San Francisco, wanda ya duba mace-macen watannin Maris zuwa Oktoba na 2020 a jihar, ya gano cewa masu girki ne suka fi kowace sana'a ƙaruwar haɗarin mutuwa, da kimanin kashi 60 cikin 100 sama da yadda aka saba. Masu kai abinci kuma, ban da zirga-zirga tsakanin kicin da titi a cikin sanyi, su aka bar wa aikin gaya wa baƙo ya mayar da takunkumi idan ya tashi daga tebur, alhali a Amurka babban ɓangaren abin da suke samu kyautar da baƙon nan zai bari ne idan ya ji daɗi. Doka da aka ɗora aiwatar da ita a kan wanda abincinsa ke hannun mai karya ta ba za ta yi nisa ba.

Rabon ma bai zo daidai ba tsakanin masu sana'ar. Wanda ya yi sa'ar faffaɗar ƙofa a titi marar hayaniya ya samu kujerun da suka fi na cikin gidansa yawa, kyauta, wanda kuwa ƙofarsa ke fuskantar tashar bas ko famfon gobara, ko yake hawa na biyu, bai samu komai ba. A New York, masu sayar da abinci a amalanke, waɗanda akasarinsu baƙi ne 'yan ci-rani kuma su ne ainihin masu sana'ar titi, sun zuba ido suna kallon an buɗe wa gidajen abinci hanya cikin kwanaki, alhali an ƙayyade adadin lasisinsu tun farkon shekarun 1980, har wasu na haya a hannun wasu a ɓoye da tsada. Sai a Janairu na 2021 majalisar birni ta amince a ƙara musu lasisi kimanin 4,000, kuma a hankali cikin shekara 10.

Da cutar ta lafa, hujjar lafiya ta kau, sai ainihin tambayar ta fito fili, wato wa ke da haƙƙin bakin titi. A New York, mazauna unguwanni irin su Greenwich Village sun kai ƙara kan hayaniyar dare da shara da ɓerayen da suka samu mafaka a ƙarƙashin daɓen katako, masu motoci sun yi kukan wurin ajiyewa, wasu rumfunan kuma an yi watsi da su sun zama ma'ajiyar tarkace, har magajin gari Eric Adams ya fara rushe su a watan Agusta na 2022. Magoya bayan tsarin sun amsa cewa filin da ke ɗaukar mota guda ta mutum ɗaya yana iya zaunar da mutane da yawa ya kuma samar da aiki. Ingila ta mayar da lasisinta na dindindin daga ƙarshen Maris na 2024, ta ɗaga kuɗin zuwa fam 500 ga sabon mai nema, ta kuma ninka kwanakin jin ra'ayi zuwa 14. Paris ta mayar da nata na watannin Afrilu zuwa Oktoba, kuma da biya.

New York ta yi tata dokar a watan Agusta na 2023, inda ta bar tebura a kan hanyar masu tafiya a ƙasa duk shekara, amma ta taƙaita na kan kwalta daga 1 ga Afrilu zuwa 29 ga Nuwamba, da kuɗin lasisi na dala 1,050 na shekara 4 da ƙarin kuɗi gwargwadon faɗin fili da darajar unguwa. Ƙa'idojin da suka biyo bayanta sun hana rufaffen akwati, sun wajabta gini marar nauyi da iska ke ratsawa, da daɓen da za a iya ɗagawa a share ƙarƙashinsa. Wato rumfar da likitoci suka so a gani a Disamba na 2020 ita aka wajabta bayan shekara 3, kuma ɓera da tsabtar titi ne suka kawo ta. Sharaɗin kwance gini kowace Nuwamba, da neman inda za a adana shi, da sake haɗa shi a Afrilu, kashe kuɗi ne da babban gidan abinci zai iya ɗauka amma ƙaramin na unguwa ba lallai ba ne, kuma waɗanda suka nemi sabon lasisin ba su kai kashi ɗaya bisa uku na waɗanda suka shiga shirin a ganiyarsa ba.